Darasi: Yadda ake zana ƙwallo ya yi tsalle kamar na gaske

Darasin wannan fitowa na zane ne, amma da lissafi a cikinsa. Duk wanda ya iya ƙirga daga 1 zuwa 20, ya kuma iya riƙe fensir, zai iya binsa har ƙarshe. Tsoho da yaro, mace da namiji, ba a ware kowa ba.

A Tasawa da Mayahi, har ƙauyukan Korgom, Urafan da Kanambakashe, ana yawan tarar da yara sun haɗa kai bisa waya guda. Sau da yawa majigin zane suke kallo, wanda wasu ke ce wa katun. Zomo na gudu, kyanwa na bin ɓera. Yawancin majigin nan daga nesa yake zuwa. Mutanen cikinsa ba su jin Hausa, ba su cin tuwon gero, ba su taɓa jan guga ba. Manya kuwa suna ɗaukar abin siddabaru, ko aikin wani injin da ya fi ƙarfin talaka. Ba haka ba ne. Aikin ido ne da hannu da haƙuri. Makarantun da ke koyar da wannan sana'a a ƙasashe da yawa, da abu guda suke fara wa ɗalibi: ƙwallo ya faɗo, ya bugi ƙasa, ya tashi.

Abin kamar wasa, amma a nan ake gane mai lura da marar lura. Ƙwallo ba shi da fuska, ba shi da ado da zai rufe kuskure. In motsin bai yi daidai ba, ko ɗan shekara 5 zai ce wannan ba ƙwallo ba ne.

Zane ba ya motsi

Hoto ba ya motsi. Abin da ake yi shi ne a jera hotuna da yawa, kowane ya ɗan bambanta da na bayansa, a nuna su da sauri, ɗaya bayan ɗaya. In saurin ya kai, ido ba ya iya raba su. Sai mutum ya ga kamar abu guda ne ke tafiya. Wanda ya taɓa ganin yaro yana wulwula bakin wuta da dare ya san wannan. Garwashi ɗaya ne, amma ido zobe yake gani.

A silima, hoto 24 ake nunawa cikin sakan 1. Masu zane sukan rage wa kansu wahala, su yi zane 12, a nuna kowane sau 2. Minti 1 sakan 60 ne. 12 sau 60, zane 720 ke nan. A shekarar 1908 wani Bafaranshe mai suna Emile Cohl ya yi zane wajen 700 don majigin da bai cika minti 2 ba. Tun kafin shi, a 1868, wani ɗan Ingila, John Barnes Linnett, ya yi rajistar ɗan littafin da ake lanƙwasa shafukansa, a sake su da babban yatsa, zanen ciki ya yi motsi. Da irin wannan littafi za a fara a cibiya, kafin a taɓa waya.

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan aiki. Mustafa Alasan ɗan ƙasa ne, an haife shi a 1942 a N'Dugu. Tun yana yaro yake yanka ƴan siffofi, ya haska su da fitila, inuwarsu ta yi wasa, jama'a na kallo. A Yamai ya haɗu da Jean Rouch, mai ɗaukar silima. Daga nan ya je Kanada, ya ga aikin Norman McLaren, gwanin majigin zane. A 1965 ya fito da La Mort de Gandji. A 1966 ya yi Bon Voyage Sim, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyara. A 1977 ya yi Samba le Grand da ƴan tsana. Yana da wani kuma, Kokowa, inda kwaɗi ke kokowa irin ta gargajiya, da makaɗa da ƴan kallo. Ya zauna Tawa shekaru da yawa, ya rasu a Wagadugu cikin watan Maris na 2015. Ana lissafa shi cikin na farkon masu majigin zane a Afirka. Sa'ad da ya fara, babu waya, babu kwamfuta a hannun kowa.

A fara da kallo

Kafin a ɗauki fensir, a fita tsakar gida. A samo ƙwallo, ko balo kamar yadda yara ke cewa. A je wuri mai tauri, daɓe ko siminti. Mutum ɗaya ya ɗaga ƙwallon ya sake shi, kada ya jefa. Sauran su zuba ido. A maimaita sau 10, ba gaggawa.

Mai lura zai ga abu uku. Sa'ad da aka saki ƙwallon, a hankali yake farawa, yana ƙara sauri, har saurin ya kai maƙura dab da ƙasa. In ya tashi, da ƙarfi yake tashi, saurin na raguwa, har ya ɗan dakata a sama kamar mai shawara, sa'an nan ya komo. Kuma kowane tsalle bai kai na bayansa ba.

Mata sun riga kowa sanin dakatawar nan ta sama. Mai daka takan cilla taɓarya, ta tafa hannu, ta cafe. Yaushe take samun sukunin tafi? Sa'ad da taɓaryar ta kai sama ta rage sauri. Haka ƴan mata masu wasan carabke. Suna cilla dutse, su kwashi na ƙasa, su tare na sama. Da dutsen na tafiya da sauri guda daga farko har ƙarshe, da wasan bai yiwu haka ba.

Yanzu a tuna guga. Mai ɗiban ruwa yana sakin igiya hannu bayan hannu, gugar na sauka da sauri guda, ba ta ƙarawa, ba ta ragewa. To, babban kuskuren sabon mai zane ke nan. Yakan raba tsayin daidai wa daida, ya sa ƙwallo a kowane mataki. In an kalla, sai a ga kamar an ɗaura wa ƙwallon igiya ana zura shi rijiya. Abin da aka saki ba haka yake faɗuwa ba. Wanda igiya ta taɓa kuɓuce masa a bakin rijiya mai zurfi, irin na ƙasar Mayahi, ya san bambancin.

Lissafin faɗuwa: 1, 3, 5, 7

Wani masani ɗan Italiya, Galileo, ya auna wannan abu. Ya riƙa gangaro ƴan ƙwallaye bisa katako mai gangare, yana auna lokaci da ruwan da ke zuba. A littafinsa na 1638 ya bayyana abin da ya gano. In abu ya yi taki 1 a lokaci na farko, zai yi taki 3 a na biyu, 5 a na uku, 7 a na huɗu. Lambobin da ba su rabuwa biyu ne, a jere. Masu karatu sun san su tun darasin lissafi na farko.

Misali, dutsen da aka saki daga sama yana yin wajen mita 5 a sakan na farko, mita 15 a na biyu, mita 25 a na uku. In an tara, mita 5, mita 20, mita 45. Kada dai wani ya ce zai gwada a rijiyar da gari ke sha.

Wani zai ce: Malam, ai abu mai nauyi ya fi saurin faɗuwa. A gwada. A riƙe goriba a hannu guda, dutse mai nauyi a ɗayan, a sake su tare. Tare za su dira. Abin da ke jinkirta gashin kaza da ƙaiƙayi iska ce. Da wannan mata ke sheƙe hatsi: tsaba ta faɗi, iska ta tafi da ƙaiƙayi. A 1971 wani Ba'amurke, David Scott, yana tsaye bisa wata, inda babu iska, ya saki guduma da gashin tsuntsu tare. Tare suka taɓa ƙasa.

Aiki cikin kaye

A samo kaye mai ƙananan gidaje, irin na lissafi, wanda gida 2 ke yin santimita 1. Tsohon kaye ma ya isa, in gefen shafukan na da fili. A samo fensir, da tsabar dala ɗaya ko murfin kwalba, don zagaye ƙwallo. Bik bai dace ba, don ba ya shafuwa.

Daga shafin ƙarshe ake farawa, a komo gaba. Dalili shi ne, in an kifa sabon shafi bisa wanda aka gama, ana ɗan hango zanen ƙasa ta cikin takarda. Shi ke nuna wa hannu inda zai sa na gaba.

A ja layi kusa da gindin shafi, wajen bakin takarda. Shi ne ƙasa. Layin nan wuri guda zai zauna a kowane shafi. In ya riƙa hawa da sauka, ƙasa za ta yi ta rawa. Daga layin ake ƙirga gidaje zuwa sama, kuma gindin ƙwallo ake aunawa, ba tsakiyarsa ba.

Shafi na 1, ƙwallo na gida na 16. A shafi na 2 ya sauko gida 1, yana 15. A na 3 ya sauko gida 3, yana 12. A na 4 ya sauko 5, yana 7. A na 5 ya sauko 7, ya bugi ƙasa. A duba: 1 da 3 da 5 da 7, 16 ke nan, babu saura.

Tashi kishiyar faɗuwa ce, lambobin ake juyawa. Amma ƙwallon ba zai koma 16 ba. Gida 9 zai kai. Ya hau 5, ya ƙara 3, ya ƙara 1. Sa'an nan ya sauko 1, 3, 5. Tsalle na biyu gida 4 ne: 3 da 1. Na uku gida 1 tak.

Ga tsayin ƙwallo a shafuka 17, malami ya rubuta a allo kowa ya kwafa:

16, 15, 12, 7, 0, 5, 8, 9, 8, 5, 0, 3, 4, 3, 0, 1, 0

A ƙara shafi 3 ko 4 a ƙarshe, ƙwallon na kwance wuri guda, don ido ya huta. Sai a lanƙwasa bakin takardun da babban yatsa, a sake su ɗaya ɗaya da sauri, daga baya zuwa gaba. Sau na farko hannu yakan saki shafi 3 tare. Da maimaici yake gyaruwa.

A lura da lambobin nan da kyau, don asirin darasin duka yana cikinsu. A sama suna kusa da juna: 8, 9, 8. A ƙasa suna nesa da juna: 7, 0, 5. Inda zane ya yi kusa da ɗan'uwansa, ido na ganin tafiya a hankali. Inda tazara ta yi yawa, ido na ganin gudu. Mai zane ba shi da wata hanyar nuna sauri sai tazara.

Shafuka 17 ɗin nan, in ana nuna 12 a sakan, ba su cika sakan 1 da rabi ba. Sun yi daidai da ƙwallon da aka saki daga wajen gwiwar babban mutum, rabin mita da ƴar ɗoriya. Wanda aka saki daga ƙirji, wajen mita 1 da kwata, rabin sakan yake yi kafin ya dira. Shi mataki 6 yake so: 1, 3, 5, 7, 9, 11, jimla gida 36.

Ƙwallon gaske yakan tashi kashi kusan iri guda na tsallen baya. In ya tashi rabi, na gaba ma wajen rabin wancan ne. An zaɓi 16, 9, 4, 1 ne don suna da sauƙin ƙirga, kuma ido na yarda da su.

Me ya sa ba ya komawa inda ya fito? Kowane bugu yana cin wani abu daga ƙarfinsa. Wani ƙarfin ya zama ƙarar da kunne ke ji, wani ya zama ɗan zafi a jikin roba, wani ya tafi wajen ture ƙura. Zanen da ƙwallo ke tashi daidai inda ya fito, ko ya wuce, ƙarya yake yi, sai fa in an nuna hannun da ya ƙara masa bugu.

Latsewa da miƙewa

Yanzu ƙwallon na tafiya daidai, amma yana kama da ƙarfe. Sauran abu guda. Ƙwallon roba in ya bugi ƙasa yakan latse, sa'an nan ya komo siffarsa. Abin na faruwa cikin ƙiftawar ido, shi ya sa ba a gani, amma hoto na kama shi. Masu zane sukan ƙara masa gishiri kaɗan. Biyu daga tsofaffin ma'aikatan Disney a Amurka, Frank Thomas da Ollie Johnston, sun jera ƙa'idoji 12 na wannan sana'a a littafinsu na 1981. Latsewa da miƙewa suka sa farko.

A ɗauki curin fura a tafin hannu, a danna. Tsayinsa ya ragu, faɗinsa ya ƙaru. Furar ba ta ragu ba, ba ta ƙaru ba. Haka za a yi wa ƙwallo. A shafi na 5, inda ya bugi ƙasa, a rage tsayinsa, a ƙara faɗinsa. Wanda ya rage tsayi bai ƙara faɗi ba, ƙwallonsa zai zama kamar ya sace. Gindinsa kuma ya zauna bisa layin ƙasa, kada ya nutse, kada ya yi lilo a sama.

Bugun farko ya fi ƙarfi, latsewarsa ta fi yawa. A shafi na 11 a rage. A na 15 kaɗan ƙwarai. A na 17 babu, ƙwallo ya kwanta da siffarsa. A shafi na 4 da na 6, inda gudu ya fi yawa, ana ɗan miƙe shi kamar ƙwai, tsayi ya ƙaru, faɗi ya ragu. A sama kuwa, inda ya dakata, zagaye yake sarai.

Nan ma akwai tarko. Sabon mai zane in ya gano latsewa, sai ta yi masa daɗi, ya sa ta ko'ina. Ƙwallo ya koma kamar salkar da ba ta cika ba. Gishiri in ya yi yawa, miya ta ɓaci.

In ƙwallo na tafiya gaba

Ƙwallon da aka jefa yana tsalle yana cin gaba. Lambobin sama da ƙasa ba su canja ba. Abin da za a ƙara shi ne, a kowane shafi a gusa shi gida 1 zuwa dama. Gida 1 kullum, ba ƙari, ba ragi, muddin yana cikin iska. Tafiyar gaba ba ta bin 1, 3, 5. In an haɗa tafiyar biyu, hanyar ƙwallo za ta fito kamar baka, irin wadda ruwa ke yi in an tsiyaye shi daga bakin buta. Baka babba, sa'an nan ƙarama, sa'an nan ƴar ƙarama. Wanda hanyarsa ta fito da tsini a sama kamar haƙoran zarto, ya koma ya duba lambobinsa. Tsini a ƙasa yake, inda ake bugu. A ƙarshe ƙwallon ya ɗan gangara, tazara na raguwa, har ya tsaya.

Ƙasa ma na da magana

Yaran da ke buga balo a Tasawa da Mayahi sun san rairayi ba ya mayar da ƙwallo. Ƙasar jigawa ce. In ƙwallo ya faɗa cikin rairayi, sai ya ɗan yi gurbi, ya tashi kaɗan ko ya kwanta. Ƙwayoyin rairayi sun gusa, sun shanye ƙarfin. A bisa daɓe ko simintin aji kuwa, yana tashi sosai. Don haka lambobin da aka bayar na wuri mai tauri ne. Mai son zana filin ƙauyensu sai ya rage tsallen, ya ƙara ƴar ƙura a wurin bugu.

Abin da aka saki ma na da nasa hali. Ƙwallon tsumma da yara ke ɗaurewa yana latsewa, amma da ƙyar yake tashi. Goribar Gulbin Kaba ba ta latsewa ko kaɗan. A bisa daɓe takan yi ɗan tsalle, ta karkace gefe, don ba zagaye take sarai ba. Dutse a rairayi lambobinsa 16, 15, 12, 7, 0, shi ke nan. Balan-balan kuwa iska na riƙe shi, yana saukowa a hankali, tazararsa ƙanana kuma kusan daidai. A takarda duka zagaye ne guda. Tazara da tsalle su ke gaya wa mai kallo ko roba ce, ko dutse, ko tsumma.

Daga kaye zuwa waya

Wanda ya gama kaye, waya ba za ta ba shi wuya ba. Akwai manhajar zane, abin da samari ke kira aplikasiyo. A waya, wadda aka fi sani ita ce FlipaClip. Tana da ɓangaren kyauta, tana da na biya, kuma na kyautar ya ishi wannan darasi. A kwamfuta akwai Pencil2D da Krita, su kyauta ne gaba ɗaya. Sauko da manhaja yana son intanet, a yi shi ranar da aka shiga gari. Zanen kansa ba ya cin kuɗin layi. Caji dai yake ci, shi ya sa ya fi kyau a gama lissafi cikin kaye kafin a kunna waya.

Manhajar kaye ce da takardarta ba ta ƙarewa. Kowane shafi zane ɗaya. Da farko takan tambayi shafi nawa za ta nuna a sakan. A wurin akan ga haruffa FPS. A sa 12.

Sai a nemi abin da ke nuna inuwar zanen baya a ƙarƙashin sabon shafi. Da Faransanci da Ingilishi duka, fatar albasa ake ce masa, don ana hango abu ta cikinsa kamar ɓawon albasar Galmi. Aikinsa ɗaya da takardar kaye da ake hango zanen ƙasa. A kunna shi. Idan ba shi, mai zane kamar mai shuka cikin duhu yake.

Ga dabara don kada a rasa gidajen ƙirga. A ja layin ƙasa a shafin kaye, a rubuta 16, 15, 12, 9, 8, 7, 5, 4, 3, 1 a gefensa, kowace lamba a gidanta. A ɗauki hotonsa da wayar, a sa shi ya zama bangon zanen. Yawancin manhajojin sun yarda da haka. In aiki ya ƙare, a cire shi, a sa bangon da ake so.

Yatsa ya fi fensir kauri, kuma zagayen da aka yi da yatsa ba ya fitowa iri ɗaya sau 2. Kada a sake zana ƙwallo a kowane shafi. A zana shi sau ɗaya da kyau, a kwafa, a liƙa a sabon shafi, a ja shi zuwa lambarsa. Na wurin bugu kaɗai za a latse. In an gama, a danna alamar kunnawa a kalla. Abin da bai yi ba, a koma shafin a gyara. Nan waya ta fi kaye, don gyara ba ya yaga takarda. Ana iya ƙara ƴar inuwa a ƙasa, ƙarƙashin ƙwallon, da ƙarar bugu a shafi na 5, na 11 da na 15. Ƙarar a yi ta da baki ko da ƙwarya. Daga nan a mayar da aikin bidiyo, a tura wa ƴan'uwa ta WhatsApp ko Bluetooth.

Wasu manyan manhajoji na kwamfuta, kamar Blender da Synfig, suna da wani sauƙi. Ana nuna musu inda ƙwallo zai fara da inda zai ƙare, su cika tsakiyar da kansu. Sauƙi ne mai ruɗi. Injin bai taɓa ganin taɓarya a sama ba. In an bar shi da ra'ayinsa, ko ya raba tazara daidai kamar guga, ko ya sa ƙwallo ya rage gudu dab da ƙasa kamar mai tsoron faɗuwa. Sai mai aikin ya gyara masa: a hankali a sama, da gudu a ƙasa, bugu kuma kai tsaye. Wanda bai san 1, 3, 5, 7 ba zai ga aikin bai yi ba, amma ba zai san inda ciwon yake ba.

Waya na da wani amfani da ya fi wannan. A ɗauki bidiyon ƙwallon gaske yana faɗuwa a gaban bango. A tsayar da bidiyon, a riƙa gusa shi kaɗan kaɗan da yatsa. Mai shakkar lissafin Galileo zai gan shi da idonsa.

Bayan ƙwallo

Kwaɗo in ya yi tsalle, hanyar ƙwallo yake bi: ya tsuguna, ya miƙe, ya yi baka a sama, ya dira ya latse. Fara haka, ɗan akuya haka, yaro mai tsallake kwata haka. Iri in ya bar hannun mai shuka, da lissafin nan yake faɗawa rami. Ɗan kokowa in an ɗaga shi an kayar, shi ma bai fi ƙarfin 1, 3, 5 ba.

Cibiyar da ta samu mutum 2 ko 3 masu hannu tana iya yin ɗan majigi na sakan 10 da Hausar garin. Zane 120 ne. In mutum 4 suka raba, kowa 30, aikin ƴan kwanaki ne na rani, lokacin da gona ba ta kira. Ana iya nuna yawan takin da ake sa wa rami, ko yadda ƙuda ke tashi daga ƙazanta ya sauka bisa tuwo. Tsohuwar da ba ta karatu za ta gane, jikanta ma zai gane.

Aikin wannan mako

A rabu ƙungiya ƙungiya, mutum 4 ko 5. Kowace ƙungiya ta samo balo, ƙwallon tsumma, goriba da lemun tsami. A auna mita 1 a jikin bango, a yi alama da alli ko gawayi. A saki kowane abu daga alamar, sau 3 a bisa daɓe, sau 3 a bisa rairayi. Mutum ɗaya ya tsuguna, idonsa daidai da wurin, ya yi alama inda tsallen farko ya kai. A auna da santimita, a rubuta a kaye: sunan abu, irin ƙasa, tsayin tsalle, da yawan tsallen da aka iya ƙirgawa.

Sa'an nan kowa ya zaɓi abu ɗaya a ɓoye, ya zana faɗuwarsa a shafukan kaye. Zagaye kawai zai yi, ba launi, ba suna. Ranar zama na gaba, a miƙa wa wata ƙungiya ta saki shafukan, ta faɗi ko mene ne, da irin ƙasar da ya faɗa. In sun ce goriba alhali balo aka nufa, mai zanen ya ɗauki balon ya koma bakin bango.